Harhaɗa jirgin rimot da zaɓa masa ƙafafun da za su iya da rairayin Maradi

Hoton da ke bayan kwalin jirgin rimot kusan kullum iri ɗaya ne: jirgi tsaye a kan kwalta mai sulɓi ko kan ciyawar da aka aske, da ƴan tayoyin da ba su wuce milimita 50 ba. Wanda ya zana shi bai san rairayin Maradi ba, bai san tsidau ba, bai taɓa zama cire ƙarangiya daga ƙafar wando ba. Shi ya sa duk wanda ya shigo shagona da kwali a hammata (gyaran rediyo da salula nake yi, jirgi na ranar hutu ne), nakan ce ya ajiye gam tukuna, ya je ya taka filin da zai riƙa tashi. Danna dunduniya a ƙasa. In ta nutse, magana ɗaya ce. In faƙo ne mai tauri, wata maganar ce daban. Katakon da ƙafafun jirgi ke kamawa a can cikin gangar jiki yake, in ka riga ka rufe ka manne, sake masa wuri sai da wuƙa.

In wannan ne na farkonka, nemi mai fiffike a sama, wanda bakin fikafikansa suka ɗan ɗaga, domin irinsa in ya karkata shi ke miƙe kansa. Tsawon fiffike daga baki zuwa baki mita 1.2 zuwa 1.4, injin lantarki, batir mai ɗaki uku na volt 11.1, rimot na 2.4 GHz mai hanya huɗu. Masu kama da jirgin yaƙi sun fi ɗaukar ido, amma bar su sai hannunka ya faɗa. Na katakon balsa aikinsa da daɗi, sai dai bushewar hunturu na sa shi gautsi, ledar da ake lulluɓe shi da ita kuma tana saki in rana ta dake ta. Ga mai koyo a garin nan na fi son na kumfar roba da ake kira EPO, wadda in ta karye gam ke mai da ita nan da nan. Ka ɗauki fara, don baƙin fenti na sa ta yi ƙuraje a rana.

Harhaɗawar kanta ba wuya, haƙuri take so. Yi aikin a kan gilashin taga ko ƙyauren da bai lanƙwashe ba. Teburi mai doro karkataccen fiffike zai ba ka. Kowane yanki gwada shi a mazauninsa ba gam, goge da samfefa inda ya cije, sannan ka manna. Soka allura a tsakiyar bayan jirgi, ɗaura zare, auna zuwa bakin fiffiken dama da na hagu, dole su zo ɗaya. Ƙananan injinan da ke motsa wutsiya da fiffike, wato sarbo, kunna rimot su tsaya a tsakiya kafin ka ɗaura masu hannu. Duk gwajin da za ka yi a ɗaki kuma, cire farfela. Ba ta san yatsan mai ita ba.

Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana da sauri, amma zafin Afrilu a ɗakin kwano ya isa ya sassauta shi, don haka kada ya kusanci mazaunin inji ko na ƙafafu. Can gam mai haɗi biyu ake sa wa, irin Araldite, mai jinkirin kamawa. Na minti 5, a zafinmu, kafin ka daidaita katako ya riga ya daskare.

Ba a maganar ƙafafu sai an san inda nauyin jirgi ya taru, don daga nan ake auna komai. Takardar cikin kwali za ta faɗa. In babu, ga miƙaƙƙen fiffike wurin yana tsakanin kashi 25 da 33 cikin ɗari na faɗinsa, in an auno daga gefen gaba. Ga mai faɗin santimita 20, santimita 5 zuwa 6 da rabi ke nan. Sa alama da biro a ƙarƙashi, hagu da dama, saka batir, ɗaga jirgin da yatsu biyu a kan alamar. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta yi ƙasa, tura batir gaba. Jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana a sama.

Yawancin kwalaye da ƙafa uku suke zuwa, ɗaya a hanci, biyu bayan alamar nan kaɗan. Tsarin Cessna 172 ke nan, jirgin da ya fito a 1956, wanda har gobe ake koyon tuƙi da shi. A ƙasa mai tauri ba abin da ya kai shi sauƙi. Nauyi yana gaban manyan tayoyi, saboda haka jirgin da kansa yake son tafiya a miƙe, in ya sauka kuma hanci ya kwanta, ba tsalle. Ga jirgi mai girman nan, manyan tayoyin su zauna wajen santimita 2 bayan alamar. Danna wutsiya ƙasa kaɗan ka saki: ya koma kan tayar hanci a hankali. In ya faɗa da ƙarfi, tayoyin sun yi baya da yawa, zai yi ta gudu ya ƙi ɗaga kai, can kuma ya zabura sama gaba ɗaya.

To kai shi rairayi ka ga ikon Allah. Jan farfela yana sama, turjiyar tayoyi tana ƙasa, sai nauyi ya taru a kan ƴar tayar hanci, ta tona rami ta shige. Wayarta ta lanƙwashe baya, farfela ta sari ƙasa, bugun ya bi sandar sitiyari ya kakkarya haƙoran sarbo. Ranar da abin ya yi muni, har katakon da inji ke zaune a kai yake ɓallowa, don a jikinsa aka ɗaure ƙafar. Wanda ke da faƙo ko tsohuwar kwalta da mota ba ta bi, ya riƙe ƙafa ukunsa, ya sa sarbo mai haƙoran ƙarfe, ya rage juyin tayar hanci ya zama ɗan kaɗan.

Ni dai a filayenmu mai jan wutsiya nake ɗaurawa: manyan tayoyi biyu a gaba, ƙaramin abu a ƙarƙashin wutsiya. Tsohon tsari ne, irin na jirgin Piper Cub na 1938, kuma har yau matuƙan da ke sauka kan tsakuwar bakin kogi a Alaska shi suka fi so, da ƙattin tayoyi. Hanci na kallon sama, farfela ta yi nisa da ƙasa, ba tayar gaba da za ta nutse, nauyi ya ragu. Amma yana da halinsa. In tayoyi suka cije, ta hanci yake kifewa. Sannan tunda nauyi na bayan tayoyi, da wutsiya ta ɗan goce sai ta nemi wuce kai, kamar amalanken da aka jibga wa kaya a baya aka sake shi a gangare. Jirgin ya juya a wuri ɗaya, bakin fiffike ya shari ƙasa.

Maganin duka biyun yana wurin da ka kafa ƙafafun. Ɗaga wutsiya jirgin ya miƙe yadda yake tafiya a sama, ka duba daga gefe: tsakiyar taya ta zo daidai ƙarƙashin gefen gaba na fiffike. Saboda rairayi nakan ƙara santimita 1 ko 2 gaba. Kada tsoron kifewa ya sa ka zarce haka, don duk yadda tayoyi suka yi gaba, haka wutsiya ke ƙara nauyi, juyawar nan ta ƙaru, sauka kuma ta koma tsalle-tsalle. Tazarar tayoyin biyu ta kai wajen rubu'in tsawon fiffike, santimita 30 ga mai mita 1.2. Gabansu ya ɗan kalli juna, digiri 1 ko 2, abin da da ƙyar ido zai gani. A wutsiya ba na sa taya. Guntuwar waya da aka lanƙwasa ta isa, tana jan layi a rairayi tana riƙe jirgin ya tafi sak.

Tayoyin cikin kwali jefa su aljihun tebur, har da rigunan roba da ake rufe su da su, don ba abin da suke tarawa sai yashi da ƙarangiya. Milimita 75 zuwa 90 kake so, masu faɗi, na soso. Masu iska tsidau zai gama da su. In ba ka samu ba, yaran unguwa masu ƙera motar gwangwani sun riga mu sanin hanya: tsohon silifa. Yanka da'ira biyu ka manna su baya da baya, huda tsakiya, zura guntun bututun eriyar rediyo ya zama mazaunin waya. Ɗaura shi a bakin injin huda katako, kunna, ka kanga samfefa a gefensa. Baƙin gari na zuba a gwiwarka, rawar na raguwa, har ka ga gefen ya tsaya cak alhali yana juyawa. Ya fi na kanti nauyi, don haka sake duba alamar nauyi. Kada ka ɗiga mai a wayar taya, mai da yashi in sun haɗu cin ƙarfe suke yi. Goga bakin fensir ya isa. Zoben da ke tare taya kuwa, goge wa wayar wuri da magagari inda notinsa zai zauna, in ba haka ba wata rana taya za ta riga jirgi sauka.

Ƙafar kanta wayar ƙarfe ce mai tsauri da ke lanƙwasa ta dawo, milimita 3 ga jirgin kilo 1, 4 in ya doshi kilo 2. A sanyi ake tanƙwara ta. In mai walda ya gasa ta, ta mutu, ba ta ƙara dawowa. Kuma in an buga ƙasa, ƙafa ake so ta fara sallamawa kafin cikin jirgi ya farke. Manna filawud mai kaurin milimita 3 ko 4 a ciki, tokare shi a kusurwoyi, sannan ka ɗaure ƙafar a kansa da notin roba ko da zoben da ka yanko daga tsohon tub na keke. Noti ya karye ko roba ta tsinke, ƙafa ta yi gefe, jirgi ya zame a kan cikinsa, shi ke nan. Tunda ciki a buɗe yake, sa katako biyu, ɗaya gaban alamar nauyi, ɗaya bayanta, ka kuma huda mazaunin ƙafar hanci ka bar shi. Ƴan giram ne, amma ranar da ka canza fili ba sai ka yanka jirgi ba.

Wanda filinsa gona ce bayan girbi, kunya-kunya da kututturen kara, ba tayar da za ta yi masa. Ya cire ƙafafun gaba ɗaya, a jefa jirgin da hannu, ya sauka da ciki; a liƙa salatif mai kauri a ƙasansa, a kashe inji kafin ya taɓa. Ƙafafu masu naɗewa su shige ciki kuwa, kuɗi ne da nauyi, yashi kuma na cije su. Ban ga abin da za su yi mana ba.

Akwai maganar da ba ta cikin takardar kwali. A halin tsaron da ake ciki, abu mai tashi sama ba wasa ba ne a idon mutane, kuma suna da gaskiya. Nemi sanin ƙa'ida daga hukumar kula da jiragen sama ta ANAC, sanar da jami'an tsaro da mai unguwa, ka yi nesa da filin jirgi da bariki da wayoyin lantarki. Wani dattijo mai gona kusa da inda muke tashi, ta hanyar Tibiri, ya taɓa tsayawa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wannan abin naka hoto yake ɗauka?” Na ce, “A'a, Baba, ga shi, duba cikinsa.” Ya leƙa, ya taɓa batir da yatsa, ya jinjina jirgin a hannu, ya ce, “To, Allah ya tsare. Amma in awaki na wucewa ku dakata.”

Fita da sassafe, zuwa hantsi. In rana ta take, iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga, ga kuma guguwa. Kullum hanci ya fuskanci iska: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Batir a inuwa; ni a cikin tukunyar ƙasa nake cajinsa, nesa da katifa, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Bayan kowace sauka juya inji da hannu, don maganaɗisun cikinsa na jawo garin ƙarfe daga ƙasa. In ka ji ƙaras-ƙaras, goge da busasshen buroshi ka hura.

Ranar farko ba tashi za ka fara yi ba. Ja sandar rimot baya yadda wutsiya za ta danne ƙasa, ƙara wuta sannu-sannu, bar shi ya yi gudun mita 20, ka kashe. Zai nemi karkata hagu saboda juyin farfela, tare shi da ɗan dama, taɓa ka saki. Sannan bi sawun tayoyin a ƙasa ka karanta. Layi biyu masu tsabta, an dace. In ɗaya ya fi zurfi ko ya yi kaca-kaca, wannan tayar ta karkace ko tana cijewa. In wutsiya na ɗagawa da kanta, hanci na neman ƙasa tun gudu bai yi nisa ba, matsar da ƙafafun gaba da santimita 1 ka sake. Sai ya yi gudun nan a miƙe sau da dama a jere, sannan ka buɗe masa wuta duka, ka sassauta sandar ta dawo tsakiya, wutsiya ta ɗaga, in gudu ya kai ka ɗan ja baya kaɗan.