Yadda ake auna rawar iska da ƙaramar fitilar leza

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Doso da tsakar rana a watan Afrilu ya san kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta. Ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi tana tashi tana cuɗanya da mai sanyi, haske kuma yana ɗan karkata duk inda ya ratsa tsakaninsu. Bambancin digiri 1 na zafi yakan sauya ƙarfin da iska ke karkatar da haske da kamar kashi 1 cikin miliyan. Kaɗan ne, amma ana iya auna shi a filin ƙwallon makaranta.

A nemi jar fitilar leza irin ta nuni, da kwali, da takarda mai layukan milimita, da wayar salula.

A ɗaure fitilar a kan bulon siminti, kamar mita 1 daga ƙasa, a danne maɓallinta da salatif. Nan ne aikin yake. In hannu ya taɓa ta, ko bulon ya motsa, rawar bulon za a auna, ba ta iska ba. Shi ya sa nake fara gwaji a nisan mita 5: in ɗigon hasken ya tsaya cik, gindin ya zauna.

Sai a kai takardar mita 100, a liƙa ta a can cikin kwalin don rana kada ta cinye hasken. Ɗigon zai faɗaɗa kamar tafin hannu, za ka ga cikinsa yana tafasa, nan haske nan duhu. A kafa wayar, a ɗauki bidiyon minti 1.

A maimaita da hantsi, da azahar, da dab da magariba. A tsayar da hotuna 30 daga kowane bidiyo, a rubuta inda tsakiyar ɗigon ta faɗa. Kaucewar ba ta wuce ƴan milimita, ta fi yawa da azahar, ta kwanta wajen faɗuwar rana lokacin da zafin ƙasa da na iska suka daidaita. In aka ninka nisan, takan ƙaru kusan sau uku.

Hazon hunturu dushe hasken yake yi, wannan wata matsala ce daban, a rubuta ta gefe.

Don Allah kada a haska idon kowa, kada kuma a ɗaga fitilar sama, balle a unguwannin da ke kusa da filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai.