Yadda za ka gano hafsan sojan ruwan da aka ba lambar yaƙi

In lambar yabo ta sojan ruwan Birtaniya ta shigo hannunka, don Allah kar ka fara da gogewa. Mutane da sun ga ta yi baƙi sai su ɗauko man goge ƙarfe su yi ta dirza, to darajarta suke kankarewa. Tsumma mai laushi ya isa, ƙyallen ma ko ya koɗe bar shi yadda yake.

Juya ta ka duba baki-bakinta. In ta yaƙin duniya na ɗaya ce ka huta, don lambobin British War Medal da Victory Medal an buga suna da muƙami a gefensu, 1914-15 Star kuma a bayanta. Bayan sunan za ka ga R.N. ko R.N.R. ko R.N.V.R., kar ka raina haruffan nan fa, na farko cikakken sojan ruwa ne, na biyu yawanci ma'aikacin jirgin kasuwanci ne da aka kira yaƙi, na uku ɗan sa-kai, kuma fayil ɗinsu ba wuri ɗaya yake ba. A National Archives, ma'ajiyar takardun tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, hafsoshin R.N. suna rukunin fayil mai lamba ADM 196, 'yan sa-kai ADM 337, jerin waɗanda aka ba lambobi kuma ADM 171. A fayil ɗin hafsan za ka ga jiragen da ya hau da shekarun, wani lokaci har da abin da manyansa suka rubuta a kansa, ba kullum yabo ba ne.

Ta yaƙi na biyu ce mai ciwon kai. Birtaniya ta raba su ba suna, Atlantic Star mai ƙyalle shuɗi da fari da kore ko War Medal, duk haka suke wayam. Shi ya sa ƙaramin kwalin da aka aiko su ciki ya fi komai amfani, suna da adireshi suna jikinsa, kar ka kuskura ka yar. Ba kwali ba takarda, duk wanda ya ce maka ta wane ce baki kawai yake.

In ta jarumta ce kamar DSC (Distinguished Service Cross), nemi sunan a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya, kyauta ne a intanet, daga 1940 ma aka fara zana shekarar a bayan lambar. In kuma hafsan bai dawo daga teku ba, duba shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin.