Yadda mai koyon Turanci zai fahimci salon maganar Turawa

Wata ɗaliba da na koyar a ajin ƙarshe na sakandare ta taɓa rubuta wasiƙar ta'aziyya a darasin insha'i, inda ta ce ta yi baƙin cikin jin cewa mahaifin ƙawarta "kicked the bucket". Nahawunta ba shi da aibi, kuma ma'anar da ta haddace daidai ce, domin maganar tana nufin mutuwa. Abin da ba a gaya mata ba shi ne Turawa ba su faɗin haka sai cikin raha ko rashin damuwa da mamacin, tamkar Bahaushe ya shiga zaman makoki ya ce wa 'ya'yan marigayi tsohonsu ya sheƙa barzahu. Da na kira ta gefe na kwatanta mata da wannan, sai ta rufe baki da gefen hijabinta, ta karɓi takardar ta sake rubutawa da "passed away", wanda shi ne daidai da a ce ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya. Tun daga ranar na daina ba ɗalibai jerin salon magana da ma'anarsa kawai, domin sanin wurin da ake faɗin magana rabin saninta ne.

Matakin farko shi ne mai koyo ya gane cewa abin da ya ci karo da shi salon magana ne, wato maganar da ma'anarta ba ta bin kalmominta ɗaya bayan ɗaya, kuma Bahaushe yana da horo a kan wannan tun daga gida. Babu wanda zai ji an ce wane ya ci amana ya tambayi da wace miya aka ci ta, haka kuma wanda aka ce yana da ɗaurin gindi ba a neman igiya a jikinsa. To, idan kana karatu ka san kowace kalma a jimla amma ma'anar ta ƙi zama, kada ka zargi kanka, mai yiwuwa salon magana ne. Wanda ya ce jarrabawa ta zame masa "a piece of cake" yana nufin ta zo masa da sauƙi kamar shan ruwa, wanda ya ce yana "under the weather" jikinsa ne ba daɗi, wanda kuma ya ce mota ta ci masa "an arm and a leg" tsadarta yake kuka da ita.

Da ka gane shi, sai ka neme shi dunƙule a ƙamus. Ƙamus ɗin masu koyon Turanci, irin na Oxford da na Longman, suna jera salon magana a ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan kalmominsa, saboda haka idan kana neman "spill the beans", wato tona asiri, ka duba ƙarƙashin "spill", in ba ka samu ba ka koma "bean". Kada ka tsaya a kan ma'ana. Ka karanta jimlar misali, sannan ka lura da ɗan alamar da ake sakawa don nuna cewa maganar ta hira ce, ko ta tsufa, ko ta mutanen Ingila ce ban da Amurka. Misali, kusan kowane littafin makaranta yana ɗauke da "it's raining cats and dogs" a matsayin ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali Turawan yau ba kasafai suke faɗin ta ba, sun fi cewa "it's pouring".

A ganina, babu dabarar da ta kai neman takwarar magana a Hausa amfani, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi ɓata lokacinsa. Ana nufin ka tambayi kanka abin da tsohuwar gidanku za ta ce idan irin wannan hali ya taso. Idan Bature ya ce "make a mountain out of a molehill", ita za ta ce an mai da allura garma. Idan ya ce "add insult to injury", ga mari ga tsinka jaka ke nan. "Between the devil and the deep blue sea" shi ne gaba kura baya sayaki, "out of the frying pan into the fire" kuwa an gudu ba a tsira ba. Hatta "once bitten, twice shy" muna da irinta, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Wani lokaci kuma kai ne za ka ƙirƙiro kwatancen da zai riƙe maka ma'anar. Turawan Ingila suna cewa "carry coals to Newcastle" game da aikin banza, saboda Niyukasil gari ne da ya shahara da fitar da kwal zuwa sauran sassan ƙasar, to duk wanda ya san tarihin fatake zai ga cewa wannan daidai yake da ɗaukar goro a kai Gwanja, ƙasar da fatake suka riƙa sayo shi. Maganar da ka ɗaura ta a jikin wadda ka sani tun kana yaro ba ta saurin kuɓuce maka.

Sai dai wannan hanya tana da rami, kuma masu ƙwazo ne suka fi faɗawa. Kamannin kalmomi ba ya tabbatar da kamannin ma'ana. "Bad blood" ba baƙin jini ba ne, gaba ce da ƙullaci tsakanin mutum biyu ko gida biyu. "Pull someone's leg" ba shi da alaƙa da jan kunne ko jan ƙafa a kan aiki, zolaya ce kawai. "Break a leg" kuwa, duk da kamar mugun baki da yake da shi, fatan alheri ne da ake yi wa ɗan wasan kwaikwayo kafin ya hau dandamali. Akwai kuma maganganun da suka tsiro a Turancin Nijeriya, kamar "long leg" da ake faɗa wa mai hanya a wurin manya. Magana ce mai kyau a tsakaninmu, amma mutumin Landan zai ɗauka tsawon ƙafa ake nufi, don haka a san wanda ake gaya wa ita.

Salon magana ba ya son a taɓa masa kalma. Ana iya canza lokacin aikatau, a ce "spilled the beans", amma ba a mayar da "beans", wato wake, ya zama shinkafa, kamar yadda ba a cewa an mai da allura fartanya. Shi ya sa nake ba da shawarar a ware ƙaramin littafi, a rubuta kowace magana cikin cikakkiyar jimlar da aka tsince ta, a ƙara da wanda ya faɗe ta da wanda aka faɗa wa, sannan takwararta ta Hausa idan akwai. Uku ko huɗu a mako, waɗanda aka ji a labaran rediyo ko aka gani a jarida, sun fi ɗari da aka haddace dare ɗaya.

Sanin asalin magana yana taimakawa idan asalin tabbatacce ne. Jaridun Nijeriya suna yawan kiran aikin gwamnati mai cin kuɗi ba amfani "white elephant", kuma maganar ta samo tushe daga ƙasar Siyam, wadda ake kira Tailan a yau, inda ake girmama farar giwa har ba a sa ta aiki, ga shi kuma ciyar da ita sai mai hali. "The last straw" guntu ne na maganar tsinken da ya karya bayan raƙumi, wato ƙaramin abu na ƙarshe da ya sa tura ta kai bango.

Ga masu shirin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, tambayoyin irin wannan sukan zo da jimla ɗaya da zaɓi huɗu ko biyar, kuma galibi akwai zaɓin da ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, wanda tarko ne, sai a fara jefar da shi. A rubutun insha'i kuma a taƙaita, ɗaya ko biyu da suka zauna daram sun isa, a wasiƙar neman aiki ko ta hukuma kuwa gara a bar su gaba ɗaya. Kafin ka fara furta wata sabuwa, ka jira sai ka ji ta ko ka gan ta aƙalla sau uku daga mutane daban-daban, sannan ka gwada ta a gaban malami ko abokin da ba zai ji nauyin gyara maka ba.