Kurakuran da samarinmu ke ta yi in ana maganar sayen jirgin yaƙi

Tun da aka fara zancen jiragen M-346 guda 24 da Najeriya ta yi ciniki da kamfanin Leonardo na Italiya kunnena bai huta ba. A majalisa a Agege, a WhatsApp, har ƙannenmu da suka karanta injiniyanci suna turo min rubutu wai in duba musu, kuma kusan kowa rami ɗaya yake faɗawa. Ni ba soja ba ne, gyaran jiragen fasinja na yi shekaru ina yi nan Ikeja, amma abin da ke kwantar da jirgin fasinja shi ne dai ke kwantar da na yaƙi.

Na farko, kuma shi ya fi ƙona min rai, yaro ya ɗauko alƙaluman da mai sayarwa ya buga a takardar talla ya zuba a rubutunsa kamar ya auna da hannunsa. Gudu kaza, nisa kaza, bama-bamai tan kaza. Haba ƙanena, a wane yanayi aka auna? Yawanci lissafin nan ana yinsa ne a kan zafin digiri 15 a daidai bakin teku, to kai kuma jirginka daga Maiduguri zai tashi a watan Afrilu inda zafi ke wuce digiri 40. Iska in ta yi zafi ba ta da kauri, inji ƙarfinsa raguwa yake, jirgi sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, wani lokaci dole a rage mai ko makamai. Ga ƙurar hunturu tana cin fukafukan cikin inji a hankali, nan Legas kuma iskar gishiri ce, tsatsa na shiga inda ido ba ya kaiwa, sai ka kwance ka ga abin da zai tayar maka da hankali.

Dalilin da ya sa gwamnati take riƙe masana kimiyya na tsaro ke nan, su gwada abu da yanayin ƙasarsu. Ku duba Ostireliya. Sun sayi jiragen yaƙi F/A-18 guda 75 a shekarun 1980, suka lura yadda matuƙansu ke sarrafa jirgin ya sha bamban da na sojan ruwan Amurka da aka ƙera shi dominsu, sai suka haɗa kai da Kanada suka yi nasu gwajin gajiyar ƙarfe. Kanada ta ɗauki tsakiyar jirgin da fukafukai, su kuma a Melbourne suka ɗaure bayansa da wutsiya a na'ura ana lanƙwasawa ana girgizawa don a ga inda zai fara tsagewa. Da suka zo sayen jiragen F-35 na Amurka guda 72 ma masanansu na cikin aikin tun da wuri. Ni dai ɗabi'ata, duk lambar da aka ba ni sai na rubuta tambaya uku a gefenta: a wane zafi, da wane nauyi, wa ya auna. In babu amsa ba na sa ta a rahoto ko wa ya kawo ta.

Na biyu kuma kallon kuɗin saye kaɗai. Wannan wallahi ya taɓa ni a jikina. Wani kamfani da na yi wa aiki ya samo jirgi da araha ana ta murna, ba wanda ya tambayi daga ina kayan gyaransa za su riƙa zuwa, kuma da dala nawa. Rana ɗaya wani ɗan ƙaramin abu ya lalace a ƙafar jirgin, muka zauna watanni muna share masa ƙura muna jira, albashi ya tsaya, sai da na mai da iyalina gida Katsina don haya ta gagare ni, mai ɗakina ta sayar da 'yan kunnenta. Saboda haka in na ga yaro ya rubuta wai jirgi kaza ya fi araha bai ambaci kayan gyara ba, raina ɓaci yake, kuma ina gaya masa a fuska. Ba ku karanta tarihin Jaguar ba ne? Guda 18 aka sayo daga Birtaniya a shekarun 1980, jirage masu kyau, ba a ci moriyarsu ba aka ajiye su saboda kuɗin kula da su da kayan gyara. Amurka da kanta a 2024 masu binciken kuɗinta sun ce shirin F-35 zai haura dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsa, kusan tiriliyan 1.6 daga ciki kuɗin riƙe shi ne da gyara. Kamar mai sayen doki ne bai lissafa harawa ba. Ni yadda nake yi, ina fara lissafi daga kuɗin tashin awa ɗaya, in ninka da awannin shekara, in sa horon matuƙa da makanikai, in sa gyaran inji babba, sannan a ƙarshe in waiwayo farashin.

Akwai ƙananan da ba sa buƙatar dogon bayani. Ku daina haɗa Super Tucano da JF-17 kuna cewa wanne ya fi, Super Tucano mai farfela ne aikinsa shawagi a hankali a kan daji, JF-17 kuma ya fi sauti gudu, aikinsu ba ɗaya ba ne. M-346 ma asalinsa jirgin koyar da matuƙa ne aka ƙara masa na'urar rada da makamai, a faɗi haka a fili. Sannan a riƙa duba ƙasashe nawa ke da hannu a jirgi, JF-17 guda 3 da muka karɓa a 2021 aikin Pakistan da China ne amma injinsa na Rasha ne, ko'ina aka samu matsala kai za ta shafa.

Siyasa ma kar a manta da ita. Cinikin Super Tucano guda 12 da muka yi da Amurka ai tsayawa ya yi a farkon 2017 bayan bam ɗin da ya faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Rann, sai daga baya Amurka ta amince, rukunin farko bai iso ba sai Yulin 2021.

Wani abin da nake yawan gani a rubutunku, kuna sa masana a ƙarshe, wai in jirgi ya iso su duba. A lokacin an riga an sa hannu a kwangila, me za su canza? Muna da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, a Kaduna, akwai hukumar bincike ta tsaro a Abuja, injiniyoyin sojan sama sun haɗa jirgi mara matuƙi Tsaigumi aka ƙaddamar a 2018, mutanen nan su ya kamata su zauna tun ana rubuta abin da ake buƙata. Kuma su nace a sa a kwangila cewa za a ba mu littattafan gyara cikakku da bayanan da jirgin ke naɗa in ya tashi, don in babu su ko tsagewa ka gani ba ka da ikon cewa a ci gaba da tashi ko a ajiye, sai ka aika waje ka jira amsa.