Yadda ƙwayar halitta ke naɗe sabon DNA a jikin histon

Idan aka miƙe zaren DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum, tsawonsa zai kai kusan mita biyu, amma ɗakin da yake zaune ido ba ya iya ganinsa. Abin da ya sa ya samu shiga shi ne naɗi. Ana naɗe zaren a jikin wasu dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar zare a ƙwarƙwaro. Kowane dunƙule histon takwas ne, H2A, H2B, H3 da H4, kowanne guda biyu, kuma tagwayen haruffan DNA 147 ne ke zagaye shi, zagaye biyu ba kaɗan. Wannan ƙulli shi ne nukiliyosom, wanda Roger Kornberg ya bayyana a 1974.

To, idan ƙwaya za ta rabu biyu, zare ɗaya ya zama biyu, ina za a samo ƙwarƙwaron na biyu?

Tun kafin nan aka yi tanadi. Da an shiga lokacin kwafar DNA, ƙwaya kan buɗe wuta wajen ƙera sababbin histon, da an gama kwafa kuma ta dakata, don yawansu fiye da kima illa ne gare ta.

Sai dai ba a barin sabon histon ya yi yawo shi kaɗai. Cajin lantarkin jikinsa kishiyar na DNA ne, saboda haka da sun haɗu sai su manne wa juna barkatai, su cure. Shi ya sa kowane histon ke da ɗan rakiya. H3 da H4 kan haɗu su zama tagwaye, a liƙa wa H4 alamar wani ɗan sinadari mai suna asetil a wuri biyu, shaidar cewa sabo ne, sannan wani furotin mai suna ASF1 ya riƙe su har bakin aiki.

Zaren DNA sili biyu ne a murɗe, sai an tsaga shi ake kwafar kowane sili ya zama sabon zare. A bakin aikin, injin da ke tsaga zaren biyu yana tafe, ga tsofaffin ƙulli a gabansa, dole ya kwance su. A nan ne, a ganina, hikimar abin take. Ba a zubar da tsofaffin histon, don a jikinsu akwai alamomin sinadarai, irin su metil, da ke faɗin wane sashe na DNA za a karanta, wane za a rufe. Waɗannan alamomi suna cikin abin da ke sa ƙwayar hanta ta haifi ƙwayar hanta, ba ta fata ba, alhali DNA ɗinsu ɗaya ne. Saboda haka tsohon H3 da H4 kan tsallaka bayan injin yawanci a dunƙulensu na guda huɗu. Zare biyun ba iri ɗaya ake kwafarsu ba: ɗaya guntu-guntu, ɗaya a miƙe. MCM2, wani ɓangare na injin tsagar, kan tura su zuwa zaren da ake kwafa guntu-guntu, POLE3 da POLE4, ɓangarorin injin kwafa, kuma su tura wasu zuwa zaren da ake kwafa a miƙe. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa idan aka lalata ɗaya daga cikin hannayen nan biyu, rabon kan karkata gefe guda. Da duka biyun, kowane zare na samun kusan rabin gadon.

Saura cike giɓi. ASF1 kan miƙa sababbin H3 da H4 ga CAF-1, furotin ɗin da ke aza su a kan zare, wanda aka gano a ɗakin binciken Bruce Stillman a 1989. Shi CAF-1 yana maƙale ne da PCNA, wani zobe da ke zamewa a kan sabon zare tare da injin kwafa, don haka ba ya neman inda aiki yake, zoben ne ke kai shi. Tagwaye biyu su haɗu su zama huɗu, zaren ya fara zagaye su. Wannan shi ne harsashi, kuma kullum shi ake fara azawa.

Bayan haka H2A da H2B su zo, tagwaye ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, da rakiyar furotin irin su NAP1 da FACT. Takwas sun cika, naɗi ya kammala. Sai H1, wani histon na daban da ba ya cikin takwas ɗin, ya zauna a bakin ƙullin, inda zare ya shiga ya fita, ya danne shi.

Ƙullin farko ba sa fitowa a daidaice. Wasu injuna masu cin ATP, wato makamashin da ƙwaya ke aiki da shi, kan bi su suna turawa har tazarar da ke tsakaninsu ta daidaita, a kuma goge alamar asetil ta sabunta.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne mayar da alamomi. Tunda rabin histon sababbi ne, alamar ta ragu da rabi. Wasu furotin, kamar PRC2, kan karanta alamar da ke jikin tsohon histon su rubuta irinta a jikin sabon maƙwabcinsa. Naɗin kansa cikin mintoci ake gama shi, amma wannan rubutu kan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci har ƙwayar ta rabu ba a ƙarasa ba, 'ya'yanta su ɗora daga inda ta tsaya.