Yadda za ka gane ko gidan talabijin ya yi adalci a muhawarar 'yan takara

Duk lokacin da aka tashi daga muhawara, magoya baya kan fito suna kukan an danne nasu. Wani sa'in gaskiya ne, sau da yawa kuma son rai ne kawai. Takarda da biro da agogo su ke raba wannan gardama.

Tun kafin ranar, nemi ƙa'idojin da gidan ya gindaya. Wa aka gayyata, wa aka bari a baya, bisa wane ma'auni? Gidan da ya ɓoye ma'auninsa tun nan ya fara ba da ƙofar zargi. Duba kuma me aka ce za a yi idan wani ya ƙi zuwa. A 2019 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta ajiye sassaƙen ƙanƙara a gurbin Firayim Minista na lokacin, Boris Johnson, da bai halarci muhawarar sauyin yanayi ba. Jam'iyyarsa ta kai kuka gaban Ofcom, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin na Birtaniya, hukumar ba ta kama tashar da laifi ba.

Da an fara, riƙe agogo. Rubuta mintin da kowa ya samu, da sau nawa aka katse shi, da wanda ya katse. A Faransa agogon kowane ɗan takara a fili yake lokacin muhawarar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, mai kallo bai buƙatar lissafi. A Amurka sai da hayaniyar Trump da Biden ta 29 ga Satumba 2020 ta kai intaha, sannan aka koma kashe makirufon ɗaya yayin da ɗayan ke jawabinsa na minti biyu.

Sai dai agogo ba ya kama komai, kuma a nan ne aikin yake. Ana iya ba mutum biyu minti goma-goma cif, ɗaya a tambaye shi burinsa, ɗaya a titsiye shi da tsohon laifinsa. Don haka rubuta tambayoyin kamar yadda aka furta su. Wa aka bi da tambaya ta biyu da ya kauce, wa aka ƙyale ya sulale? Idan alƙalin muhawara na gyara wa ɗan takara zance, duba ko yana yi wa kowa. Saurara kuma ko wata amsa ta zo sumul kamar hadda, ko da yake wannan shi kaɗai ba hujja ba ce. A 2016 CNN ta raba gari da mai yi mata sharhin siyasa, Donna Brazile, bayan an gano cewa ta tsegunta wa ɓangaren Hillary Clinton tambayoyi.

Kyamara ma tana da bakinta. Nuno fuskar ɗan takara yana share gumi alhali abokin hamayyarsa ne ke magana, wannan ma sharhi ne.

Idan ka ga an karkata, fara rubuta wa gidan kansa, domin shi ya kamata ya fara amsawa. Sa rana da sunan shiri da daidai mintin da abin ya faru, ka kawo maganar yadda aka faɗe ta, ban da zagi. In sun yi kunnen uwar shegu, miƙa wa hukumar da ke ba su lasisi. Kada ka yi jinkiri: Ofcom, alal misali, kwana 20 na aiki take bayarwa daga ranar da aka watsa shirin.