Kurakuran da aka fi yi wajen tsara hanyoyin namun daji tsakanin dazuzzukan Katsina da maƙwabtanta

Naman daji ba ya zama wuri guda shekara ta zagayo. Da rani ruwa yake bi, da damina ciyawa, kuma idan lokacin barbara ya zo sai ya nemi irinsa a wani dajin. Shi ya sa dajin da aka keɓe, komai faɗinsa, idan gonaki da tituna da gidaje suka rufe shi ta kowace fuska, namun cikinsa raguwa suke yi har su ƙare, ko da mafarauci bai taɓa harba bindiga a ciki ba. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a zana iyakar daji a takarda, a ɗauka an gama aiki. Dajin Rugu ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya, ya shiga Zamfara, ta arewa kuma ya kusanci dajin Babban Rafi da ke yankin Madarunfa a jihar Maradi, kuma har ƙarshen ƙarnin da ya gabata giwaye suna kai da komowa tsakanin dazuzzukan biyu. Gyaran shi ne taswirar aiki ta fara daga hanyar da dabba take bi da mashayar da take sha, sannan a duba waɗanne garuruwa da hukumomi ne hanyar ta taɓa.

Daga nan kuskure na gaba yake tasowa, wato kowace hukuma ta yi shirinta ita kaɗai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filin noma a karkara. Sai ka tarar wata ƙaramar hukuma tana kare bakin daji, maƙwabciyarta kuwa ta yanka gonaki daidai inda hanyar ta ɓulla cikin ƙasarta. Abin da ya dace shi ne maƙwabta su zauna tare kafin damina, lokacin da ake rabon fili, su amince da wuraren da ba za a taɓa ba. Tsakanin ƙasa da ƙasa ma akwai ƙofa, domin Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971. Nijar da Benin da Burkina Faso sun nuna abin mai yiwuwa ne, da suka haɗa gandun dajin W da Arli da Panjari, har UNESCO ta sanya su a jerin kayan gadon duniya a matsayin yanki guda a 2017.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raba batun namun daji da batun burtali. A ƙasar Katsina da Daura, inda kusan kowane taƙi ake nomawa, burtali da labi da bakin rafi su ne kaɗai filin da ya rage yana haɗa wannan daji da wancan. Hanyar da shanu suke bi da rana ita ce zomo da bushiya da dila suke bi da dare, zabin daji kuma a cikin sabara da kalgon gefenta suke ƙwai. Duk wanda ya san ƙauye ya ga yadda burtali yake mutuwa: bana manomi ya ƙara kunya biyu, baɗi ya tuge aguwar da ke shinge ya matsar da ita gaba, har wurin da garke yake wucewa a sake ya koma inda shanu biyu ba za su jera ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya suna nan a rubuce, amma takarda ba ta hana garma cin hanya. Abin da ke hanawa shi ne a taka burtalin da ƙafa, da dagaci da mai unguwa da arɗo da sarkin noma da sarkin baka, a kafa turakun siminti a gaban idon kowa, a kuma sake dasa aguwa a kan iyaka. Matan da ke itace su ma a saurare su, domin su ne suke shiga jeji kullum, sun san inda ruwa yake daɗewa bai ƙafe ba. Shirin da aka rubuta a ofis ba tare da waɗannan mutane ba, ranar da motar jami'ai ta tafi ranar yake mutuwa.

Sai batun dashe. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Katsina tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙidaya nasara da yawan tsiron da aka dasa ranar biki. A dasa a ƙarshen damina, babu shinge, babu mai ban ruwa, kafin kaka ta wuce awaki sun cinye. Wanda ya rayu ma galibi darbejiya ce ko turare, masu ba da inuwa da itace, amma ba sa ciyar da tsuntsu da dabba yadda kanya da magarya da aduwa da ɗorawa suke yi. Maƙwabtanmu na Maradi sun bi wata hanya tun 1983, wadda suke kira sassaben zamani: manomi ya bar kututturen da ke gonarsa ya yi toho, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya datse sauran. Da wannan aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya fi dacewa da wannan aiki, tun da yake da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana ba. Sharaɗin dai shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, domin wanda yake tsoron malamin daji zai ci shi tara idan ya sare reshe, gwamma ya kashe tsiron tun yana ƙarami.

Ruwa ma hanya ce, kuma sau da yawa ana mantawa. Madatsun Tiga a 1974 da Chalawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka. Ruwan da aka tare a Jibiya shi ne yake gangarawa Maradi kafin ya dawo Nijeriya ya faɗa kogin Rima, saboda haka lokacin sakinsa abu ne da ya kamata a tsayar tare da mutanen da ke gangaren ruwan. A bar itatuwan bakin rafi, sabon titi kuma a yi masa kwalbati mai faɗin da ƙananan dabbobi za su bi ta ƙasa.

Akwai masu cewa a jira sai tsaro ya dawo Rugu tukuna. Gaskiya ne ba za a tura ma'aikaci inda rayuwarsa take cikin haɗari ba, amma tsofaffin mafarauta da makiyayan da suka san tsoffin hanyoyin giwa da barewa da mashayarsu, da yawansu yanzu suna zaune cikin garuruwan Batsari da Jibiya da Katsina, kuma shekaru suna tafiya. A zauna da su yanzu a rubuta abin da suka sani a kan taswira, domin ranar da mutane za su koma ƙauyukansu rabon gonaki za a fara yi, kuma hanyar da ba a shata ba kafin wannan rana za ta shiga cikin rabon.